Yadda Na Zama Kwastan a Bakin Makaranta

Makarantar firamaren da aka fara tura ni koyarwa tana wani ƙauye ne a kan hanyar Daura zuwa Kongolam. Farkon shekarun shari'a ne, lokacin da aka raba layin maza da na mata a taron safe, 'yan mata kuma suka koma sa dogayen hijabai masu sharar ƙasa. Makarantar ba ta da katanga. Azuzuwa ne a jere, sai fili, sai wata bishiyar bedi da muke komawa ƙarƙashinta idan zafi ya kore mu daga ofis.

Damuwarmu ɗaya ce: gari yana can tsallaken titi, makaranta tana nan. Kullum safe da rana sai yara sun ƙetare. Titin kuwa na 'yan babur ne masu fasa-ƙwaurin jarkokin fetur zuwa iyakar ƙasa. Mutum zai ɗaure jarkoki gaba da baya da gefe har ba ka ganin komai nasa sai hula, ya murɗa wuta kamar ana bin sa, wani lokacin ma da gaske bin sa ake yi. Birki a wurinsu ado ne kawai.

Wata rana da aka tashi, silifas ɗin wata yarinya 'yar aji biyu ya cire a tsakiyar titi. Ta riga ta ƙetare, sai ta koma ɗauka. Ɗan babur ya kauce mata da ƙyar, ya je ya nutse cikin tarin karan gero, jarkokinsa suka watse. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Yarinyar ta sa takalminta ta wuce gida abinta.

Washegari kakarta ta iso makaranta da muciya a hannu. Har yau ban sani ba ko mantawa ta yi ba ta ajiye ba, ko da niyya ta taho da ita. Hedimastanmu gajeren mutum ne mai babbar murya, wanda ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka umarni ne. Amma tsohuwar ta san shi tun yana yawo ba wando, saboda haka "ɗan nan" take ce masa, shi kuma yana ta "to Inna, to Inna," idonsa a kan muciyar. Ta gaya masa cewa jikarta aka kawo a koya mata karatu, ba a koya mata tsere da babur ba.

A makon aka kira taron iyaye da malamai a gindin bedi. Wani dattijo ya ce a tayar da makarantar a mayar da ita cikin gari. Wani ya ce ai makarantar ta riga titin zuwa, titin ne ya kamata ya tashi. Liman ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce a haɗa da dabara. Daga ƙarshe Hedimasta ya yanke cewa za a sa malami ɗaya ya riƙa tsayawa bakin titi da jar tuta yana tsayar da ababen hawa. Yana faɗin haka duk malamai suka juyo suka kalle ni. Ni ne ƙarami, kuma ban yi aure ba. Wani abokin aikina ya raɗa mini cewa an duba ne an ga ni kaɗai ne ba zan bar marayu ba.

Aka yago jan ƙyalle daga tsohon mayafin teburin ofis, aka ɗaura a sanda. Na fara aiki. Ina ɗaga tuta, 'yan babur suna ɗago mini hannu suna wucewa, sun ɗauka gaisuwa ce. Wani ma har ya riƙa yi mini hon na musamman. Yara na jira a bayana, ni ina ta kaɗa tuta kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero.

Hedimasta ya tsaya ya kalle ni kwana biyu, ya ce ya gano matsalar: ba ni da kwarjini. Sai ya aro mini kakin surukinsa, wani ɗan agaji mai tsaron sahu a masallacin Juma'a, da hularsa da bel da usur. Surukin nan ya yi biyuna, don haka sai da na naɗe ƙafar wandon na ƙara huda bel ɗin. Aka kuma gangaro da wani tsohon duro aka ajiye gefen titi, aka jingina masa katako. Ba zan ɓoye ba, da na duba kaina a gilashin tagar ofis, na ji wani girma ya shige ni.

Ranar Litinin da safe na tsaya kusa da duro, ƙirji a buɗe. Yawancin yara sun riga sun ƙetare, suna layi a fili, Hedimasta yana gabansu yana yi musu bayani a kan tsafta. Can na hango ayarin babura sun taso daga wajen Daura. Na ɗaga tuta, na busa usur. Abin da ban taɓa gani ba ya faru: na gaba ya taka birki har ƙafar baya ta yi gefe, na bayansa ma suka tsaya cak. Zuciyata ta yi fari. Na juya don in ga ko Hedimasta yana kallo.

Kafin in juyo, ayarin ya sauka daga titi. Ashe da suka hango kaki da duro da katako, sun ɗauka kwastan ne suka kafa sabon shinge. Suka faɗa wata 'yar hanyar shanu da ke zagayawa ta daji, hanyar kuwa ta tsakiyar filin makarantarmu ta ratsa.

Malamar aji ɗaya ce ta fara ganin su. Ta buɗe hannuwa ta kora ƙanana cikin aji kamar mai shigar da kaji akurki, manyan yara suka bi bayansu da gudu. Kafin baburan su iso fili ya zama wayam, sai Hedimasta kaɗai a tsakiya da sauran bayanin tsafta a bakinsa. Ya duba dama babur, ya duba hagu babur, sai ya tattare babbar rigarsa ya nufi bedi. Mutumin da kullum yake kukan ciwon gwiwa, ban ga lokacin da ya kai reshe na biyu ba.

Babur na ƙarshe ya kafe cikin yashin da yara ke wasan tsalle. Na iso a guje, wando yana zame mini. Mai babur ɗin ya ɗaga hannuwa sama, kansa a sunkuye.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, na amfanin gida ne."

Ya ɗago ya dube ni da kyau. Mahaifin wani yaro ne a ajina.

"Malam, kai ne? Yaushe ka shiga kwastan ba mu ji ba?"

Daga saman bishiya Hedimasta ya ba da umarnin a ƙirga yara aji-aji. Duk suna nan lafiya, sun cika tagogi suna kallon yadda zai sauko. Sai da aka kawo benci.

Na cire kakin a ranar, amma labari ya riga ya kai iyaka cewa an kafa shinge a garinmu. Kwanaki bayan haka ba babur ɗin da ya bi titi, duk ta filinmu suke ratsawa. Titi ya zama wurin da ya fi ko'ina aminci a garin, har awaki suna kwanciya a kai. Mu kuwa muka hana yara fita hutun tara. Malamar aji ɗaya ta kawo shawarar a kwashe bencina a koma karatu a kan kwalta, kuma na lura Hedimasta ya ɗan yi tunani kafin ya ce a'a.

Mahaifin yaron nan ne ya kawo ƙarshen abin. Kunya ta dame shi, domin ɗansa ya ƙi yi masa magana a gida, wai ya kusa take Hedimasta a gaban 'yan ajinsu. Ya je ya taho da shugaban 'yan babur ɗin, wani mai furfura a gemu, suka zauna da mu da iyaye. Hedimasta bai yi dogon jawabi ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ya sa aka fito da yara, ya ce duk wanda babansa ko yayansa ke ɗaukar jarka ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ta ko'ina, har da na jikokin shugaban. Shugaban ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce a bar musu titin, su za su tsare shi.

Haka aka yi. Safe da lokacin tashi, biyu daga cikinsu, bi da bi, sukan gitta baburansu a titi har yara su gama wucewa. Malami ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, kowane babban yaro riƙe da hannun ƙarami. Matasan gari suka sare ƙaya suka toshe hanyar shanu ta inda ta shigo fili. Masu sayar da rogo da awara, waɗanda a da suke tsallake, aka dawo da su ɓangaren makaranta don kada yaro ya ƙetare lokacin tara. Na yi shekaru a garin bayan haka, ba a taɓa buge ko yaro ɗaya ba.

Sai dai sababbin masu gadin namu sun ɗauki aikin da zafi fiye da yadda aka ɗora musu. Duk yaron da suka gani yana yawo lokacin karatu, sukan ɗora shi a babur su dire shi ƙofar aji. Da farko mun yi murna. Ba a jima ba muka ga masu gudun makaranta suna ƙaruwa, har da yaran kirki waɗanda ba su taɓa makara ba. Kowa sai ya je ya zauna bakin hanya a inda za a gan shi, yana jiran a kama shi. Da shugaban ya gane abin da ake ciki, ya canza doka: duk wanda aka kama, ɗan babur ne zai zauna a kan babur ɗinsa, ya kashe inji, yaro ya turo shi har makaranta. Yaro ɗaya ne ya gwada. Ya iso yana haki, mutumin yana bisa yana ce masa ya bi a hankali akwai rami, mu kuma muna tsaye a baranda muna ƙoƙarin ɗaure fuska.