Anti Fotokofi da Digirin Asara

Yayata ba ta taɓa zama a ajin jami'a ba sai da ta doshi shekara arba'in, amma kafin nan kusan duk takardar da ake koyarwa da ita a can ta bi ta hannunta. Shagon fotokofi gare ta daura da ƙaramar ƙofar jami'a, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da ruwan sanyi. Ɗan tsukukun ɗaki ne mai inji biyu da benci ɗaya, sai wata fanka da ta sha gyara har ta daina kama da fanka. Ɗalibai na kiranta Anti Fotokofi. Mu a gida Yaya muke ce mata, kuma da yake ni ce auta, ni kaɗai nake da lasisin faɗa mata gaskiya.

Abin da ke haɗa ta da masu kawo aiki shi ne karance-karance. Takardun likitanci ko kallo ba su ishe ta ba, wai hotunan na tayar mata da zuciya. Na shari'a ta ce surutu ne zalla. Amma a kawo na sashen harkokin kuɗi, sai ka ga ta tsaya cak da shafi a hannu, da ɗuminsa, tana motsa baki, mai takarda yana ta duba agogo. Har tambaya take yi musu. Na taɓa ganin ta tsare wani saurayi a kan me ya sa kamfani zai sayar da hannun jari alhali yana cin riba. Yaron ya yi ta kame-kame, ƙarshe ya ce ba su zo wurin ba tukuna.

Daga sakandare aka yi mata aure, ba don an tilasta ta ba, ita ta ga Injiniya ta ce shi take so. Injiniyan nan firji da fanka yake gyarawa, kuma mutum ne da sai an matse shi magana ke fita. Sun haifi huɗu. Ranar da ta ce za ta sake zana jarrabawar shiga jami'a, dangi suka sha dariya, ni ce ma kan gaba. Injiniya kuwa, washegari sai ya kawo mata kalkuleta a leda.

Ta ci, aka ɗauke ta, ta sa wata maƙwabciyarta tsaron shago da safe. Ranar farko da ta shiga aji yara suka yi tsit, a zatonsu ita ce lakcara. Lakcaran na gaske kuwa ta san shi tun yana ɗalibi, yana zuwa shagonta da riga ɗaya duk mako. Yanzu ya zama Dokta, ita tana ce masa Malam, shi kuma bakinsa ya kasa sakin Anti.

Mu a gida muka shiga uku. Ba dama ka sayi abu sai an yi maka lakca. Ta buɗe durowata ta ce zannuwan da nake tarawa ba jari ba ne, tun da ba sa haihuwa. Ta ce wa Injiniya dogaro da gyaran firji kaɗai kasada ce, ya koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ya koya kuwa, don a zauna lafiya. Amma in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na shekarun nan ba. Tana wanke-wanke tana yi wa kwanuka bayanin dalilin da ya sa kuɗin yau ya fi na baɗi daraja, tana dariya ita kaɗai.

A ƙarshen aji uku Dokta ya ba su aikin gida. Ya ce kowa ya ɗauko wani jari daga rayuwarsa ya auna shi yadda aka koya musu, abin da zai ci da abin da zai dawo da shi, a ga ko ya cancanci a ci gaba. Yara suka yi ta kawo kiwon kaji da sayar da katin waya. Yayata, da yake ba ta iya abu rabi da rabi ba, sai ta ɗauko digirin nata ta ɗora a sikeli. Ta sa kuɗin makaranta, ta sa cinikin safe da shago ke rasawa, ta sa shekarunta, da 'yan shekarun aikin da suka rage mata in ma an ɗauke ta. Ta je har bankuna ta tambayo, aka shaida mata cikin ladabi cewa sababbin ma'aikata matasa ake nema. Amsa ta fito ƙarara, digirin nan asara ne.

Dokta ya ba ta makin da ya fi na kowa, har ya karanta aikin a gaban aji. Ita kuma ta karɓi makinta ta koma shago, ta ce ta gama karatu.

Na ɗauka wasa ne sai da aka buɗe rajistar shekarar ƙarshe, mako ya raba, Yaya ba ta motsa ba, ga shi ranar Juma'a za a rufe. Na tashi daga makarantar da nake koyarwa, ko gida ban biya ba na nufi shagon. Na tarar da ita tana yi wa 'yan ajinsu kwafin takardun sabon zango, ta kau da kai gefe kamar mai wucewa ta gaban mahauta da azumi a baki. Na jira suka fita, sannan na sauke mata kwandon masifa. Na ce shekara uku ta sha wahala, saura ɗaya tal, wane irin rashin hankali ne wannan?

Ko a jikinta. Ta ce ai wannan maganar tawa ita ce kuskuren farko da ake gargaɗinsu a kai. Abin da aka riga aka kashe ya tafi, ba a yanke shawara dominsa, gaba ake dubawa. Kuma a gaba, babbar 'yarta na shirin shiga jami'a, inji ɗaya ya fara tari, shago na bukatar mai shi. Duk ta inda na ɓullo sai ta tare ni da darasi. Babu abin haushi kamar gardama da wanda ya ci jarrabawa a kan gardamar. Na fita ina huci, na wuce rumfar Injiniya na ce masa in bai yi magana yau ba, to ya riƙe bakinsa har abada.

Ya goge hannu da tsumma, ya biyo ni. Ya zauna a bencin shagon, ya ce ta karanta masa lissafin. Ta karanta tiryan-tiryan, yana gyaɗa kai. Da ta gama ya ce shi bai ga kuskure ba, na ji kamar in kwaɗa masa abin huda takarda. Sai ya tambaye ta, in an cire maganar aiki da albashi, karatun kansa tana son sa?

Yaya ta hau kankare tawada a farcenta. Can ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, “Baban yara, so ba ya shiga lissafi. Da na ce jari ne, ban ji kunyar kashewa ba, don na ɗauka zai dawo muku. Yanzu na gano ni kaɗai ke ci. Ni kuwa ban saba cin abu yara na kallo ba.”

Gaskiya kuwa ta faɗa. Tun muna yara ita ce mai rabo, kuma kullum nata kason ne ƙarami.

Injiniya ya ce, “Shekara ashirin ina kallon ki kina raba nama, ki tura mana tsoka ki ɗauki ƙashi, ban taɓa cewa komai ba. To yau na ce. Wannan ki cinye shi ke kaɗai, mu muna kallo. Injin da ke tari kuma aikina ne.”

Ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba, shi ma da alama ya gaji, don yana gamawa ya tashi ya hau duba fanka. Yaya ta juya mana baya tana gyara takardun da ba su bukatar gyara.

Ranar Juma'a ni na raka ta, ba don komai ba sai don kada ta canza shawara a hanya. Muna cikin layin rajista, ita ce babba a layin da tazara mai yawa, sai ga Dokta zai wuce da takardu a hammata. Ya tsaya, fuskarsa ta washe, ya tambaye ta ko ta gano kuskure ne a lissafin nata.

“Babu kuskure, Malam,” in ji Yaya. “Asara ce. Ina so ne kawai.”

Ta faɗe shi da ƙarfi har na bayanmu suka juyo, kuma ba ta sunkuyar da kai ba. Sannan ta miƙo mini jakarta ta ce in riƙe, layi ya kusa zuwa kanta.