Baba Enoch, Mai Duba Hannu Kafin Ƙirji

Tun kafin mu gama wanke-wanken safe, Baba Enoch ya ɗora tukunyar tafasa allurai a bayan ɗakin shan magani na Kakangi, ya share baranda, ya jera benci. Duk namijin da ya zo da tari, sai ya ce, "Naɗe hannun rigarka." Dariya muke masa a lokacin. Mutum na kukan ƙirji, kai kana duba hannu?

Shekarun nan ne masu yankan katako suka cika daji, kasuwa na ci, kowa na cikin walwala. Akwai wani mai keke da ke bin su har inda suke kwana da ƙwayar hana gajiya. Sai ya niƙa ta a marfin gwangwani, ya dama da ruwa, ya ɗura musu a jijiya. Mu kuwa mun yarda allura ta fi ƙwaya kama jiki.

Haka Mamuda, mijin maƙwabciyata Tasalla, ya dawo gida daga yankan katako, ko ruku'u ya yi sai haki. Aka ce tarin fuka ne. Aka ware masa kwano, aka hana 'ya'yansa raɓarsa.

Baba Enoch ya aika da kakin tarin Mamuda asibitin Kaduna, aka ce ba fuka ba ce. Ya zo gidan da kansa, ya kama hannun Mamuda.

"Wa ya yi maka wannan zanen?"

"Sauro ne, Baba."

"Sauron naku a layi yake cizo? Garin ƙwayar nan ba ya narkewa, jini ke kai shi huhu ya maƙale. Abin da ya shiga ba zan iya fitarwa ba. Amma ba ya shafar kowa."

Cikin dattawan da suka taru a gidan, ba wanda ya matso. Sai Baba Enoch ya jawo kwanon Mamuda, ya yi addu'arsa, ya gutsiri tuwo ya ci. "Tasalla, miyar nan ba gishiri. Kira yaran."

Baba Enoch, kai ne ka taka har cikin daji kana yi wa ƙarti faɗa kamar ƙannenka. Garkuwar talaka, yau ka ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu tasowa, ku riƙa zuwa har gida kamar shi.

Mamuda bai sake riƙe zarto ba, numfashin bai dawo daidai ba. Amma autarsa a cinyarsa ta koyi Fatiha.