Allin da Na Shafa a Bangon Iya

A gidanmu na unguwar Iku, ɗaki ɗaya ne ya rage na ƙasa, shi ne na kakata Iya. Sauran duk Baba ya mayar da su na bulo a shekarun da ma'aikatan Abuja suka fara cika Suleja suna neman haya. Marigayi kakanmu ne ya gina ɗakin da hannunsa, kuma Iya ba ta yarda ko yaɓe wani ya taɓa mata ba. Da an idar da magariba za ta hura wuta a kasko, mu zagaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ko gezau. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Wadda na fi so ita ce ta yarinya da gyare. Wai kullum yarinyar tana jin gyare yana kuka a raminsa, sai tausayi ya kama ta: wannan bawan Allah duhu ne ya ishe shi. Ta samo tsinke ta tone ramin, ta ciro shi, ta sa shi a sabuwar ƙwarya, ta ajiye a rana. Tun daga ranar gyare bai ƙara yin ko ƙis ba. Ashe ba kuka yake ba, waƙa yake. Nan Iya take tsayawa. In na ce, "To Iya, sai me ya faru da yarinyar?" sai ta dungure min kai ta ce, "Takwara, kin cika baki kamar reza. Baƙuwa ta tafi." Sunanta aka sa min, shi ya sa take kirana haka.

Ina shekara tara wutar lantarkin gidan ta fara ba mu wahala. Tsohuwar waya ce ɗaya ke ɗauke da mu da 'yan haya, da wani ya jona dutsen guga sai fis ya ƙone, wani lokacin har ƙauri kake ji. Baba ya ɗauko Malam Ɗanladi daga Diko, mutumin da kowa ke yabon aikinsa, ya sake wayarin gaba ɗaya. Da yake Baba tun asuba yake fita Abuja, sai Malam Ɗanladi ya miƙa masa alli ya ce, "Alhaji, duk inda kake son ƙwai ka sa alama. Ni alli nake bi, ba na shiga ina tambayar mata."

Baba ya zagaya yana sa alama, ya zo ƙofar Iya ya durƙusa. "Inna, a sa miki ƙwai ɗaya mana."

"Bar min ɗakina, Garba. Ni ina ganin abin da nake son gani."

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Yaya za a ce 'yan haya suna cikin haske, Iyata tana cikin duhu da hayaƙi? Na ce a raina kawaici ne irin na tsofaffi. Washegari ta tafi suna Kurmin Sarki, ni kuwa na ɗauki guntun allin da Baba ya bari a taga, na taka turmi, na zana alama a bangonta, can sama kusa da azara.

Malam Ɗanladi ya daɗe tsaye a gaban alamar. Har ya ɗaga murya ya ce, "Uwargida, wannan fa bangon ƙasa ne, ya tsufa." Mama daga bayan labule ta ce, "Abin da maigida ya sa, shi za a yi." Ina laɓe a bayanta, ban ce uffan ba. Ya huda bangon don ya zura bututun waya, a bugu na uku tsaga ta sauko tun daga azara har ƙasa.

Da Baba ya dawo ya yi wa mutumin nan faɗan da ban taɓa jin irinsa ba. Shi dai abu ɗaya yake maimaitawa: "Alhaji, alli na bi." Baba ya ce bai sa ba. Malam Ɗanladi ya tattara kayansa ya fita kansa a ƙasa. Iya kuwa da ta dawo ta kalli tsagar, ta kalle ni, ta kama hannuna ta goge min gefen zane inda alli ya shafa. 

Ruwan farko na daminar nan ya kwantar da bangon. Allah ya tsare, tun kafin nan an mayar da ita sabon ɗaki mai silin da fanka da ƙwai fari tas. Amma ba a hura wuta a ƙarƙashin silin. Kaskon ya koma bayan gida. Mukan je mu zauna, ta ce, "Yau baƙuwar ba ta zo ba." Tun muna zuwa har muka daina.

Ba ta kai wata daminar ba. Ana saura kwana biyu ta rasu, ta sa na kashe ƙwan, ta ce, "Takwara, kin sha tambayata yarinyar nan. To gyare bai riƙe ta ba. Ya san so ne ya sa ta. Waƙar ce dai ba ta dawo ba."

Na yi shekaru ina ɗauka darasin shi ne kar ka taɓa abin da ba naka ba. Yanzu da na fara furfura na gane ya fi haka ciwo: an tambaye ta, ta amsa da bakinta, ni ce na ga na fi ta sanin abin da take so. Sai bayan na yi aure na faɗa wa Baba gaskiya. Muka tafi Diko tare neman gafarar Malam Ɗanladi, aka nuna mana ɗansa, ya ce mun makara da shekara biyu.