Yadda Motar Alhaji Ta Tsallaka Titi

Shekarar da maigidana ya yi ritaya ya sayo wata doguwar baƙar mota ƙirar Jamus, mai kujerun fata. Ya ce mini in daina kiranta mota, kadara ce, duk ranar da ya ga damar sayarwa kuɗinsa za su dawo har da riba. Na ce Allah ya sanya alheri. Ba ta fita daga gareji sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure, kuma ko ruwa ba a sha a cikinta. Akwai ranar da na shiga da turaren wuta a jikina, ya sauke gilasai tun daga Nasarawa har Tudun Wada, wai ƙamshi yana kama fata.

Bayan wasu shekaru ransa ya koma kan wata sabuwa, ya kira dillali. Mutumin ya zo da hula a karkace, ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta. Ya ce tsafta dai ba a magana, amma an daina yayinta, kayan gyaranta tsada, ga shan mai. Ina bayan labule lokacin da ya faɗi tayinsa, na ji Alhaji ya yi salati kamar an aiko masa da rasuwa. Ko rabin abin da ya biya bai kai ba. Ya sallami dillalin ba ko ruwan sha. Wasu suka zo, suka taya ƙasa da haka. A ƙarshe ya sake kiran na farkon ya sallama masa, da sharaɗi guda: a kai ta nesa, kada a ƙara ganinta a Kano.

A masallacin unguwa kuwa ya baza labari cewa wani babban mutum daga Abuja ne ya matsa masa, ya sayar da riba mai kauri. Ya ce ni ma haka zan faɗa. Na ce in an tambaye ni zan ce an sayar, iyakata ke nan.

Wata safiya muna karyawa a baranda, aka buɗe get ɗin gidan da ke kallon namu. Gidan wani likita ne mai ritaya, abokin hirar Alhaji, sahunsu ɗaya a masallaci. Baƙar mota ta fito a hankali, matar likitan ce a sitiyari. Alhaji ya ajiye kofin shayi, ya ce irinta ce kawai, ai ba guda ɗaya kamfani ya ƙera ba. Na ce gaskiya ne, har ɗan ƙarzanen ƙofar baya irin na tamu ne. Bai ƙara cin komai ba. Ashe dillalin wurin wanki kawai ya kai ta, ya dawo ya tsallaka titi da ita.

Ita kuwa Hajiyar likita motar cefane ta mayar da ita. Buhun shinkafa, jarkar manja, kaji masu rai a but, jikoki suna shan rake a kujerar baya. Alhaji ya koma karyawa a falo. Ni kuma don kada labari ya wuce shi, nakan leƙa in dawo in ce yau tinkiya na gani ta leƙo ta taga.

Likita bai tona shi kai tsaye ba. Wata la'asar ana neman takalma a ƙofar masallaci, ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Alhaji, mutumin Abujan nan yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ta ina ake buɗe tankin mai."

Alhaji ya shigo gida yana huci, ya ce shi da likita har abada. Na zuba masa kunun aya, na ce ai ita motar, baiwar Allah, ba ta da laifi, in aka ɓalle mata murfin tanki da sukundireba fa? Can ya miƙe ya ɗauki hularsa.

Ya daɗe a gidan likita. Da ya dawo babbar rigarsa tana warin manja, yana riƙe da doya da Hajiya ta ba shi. Ya ce injin har yanzu lafiya lau yake, sai dai likita bai san man da ya dace da ita ba, dole ya riƙa leƙa su. Washegari na yi mana faten doya, ya ci ya nemi ƙari.