Na Allah, Mai Kawo Mana Rijiya a Cikin Hula

Liman na sallame sallar asuba, Na Allah ya riga kowa fita daga masallaci. Zai ɗaure bakin wandonsa, ya zura takalmin taya, ya rataya gwangwanin madara mai doguwar igiya a kafaɗa, ya bi ta gindin kuka ya yi kudu a guje. Kafin rana ta yi zafi ya ɓullo ta arewa, jiƙe sharkaf da gumi. Sai ya jefa tsakuwa ɗaya cikin wani tsohon tulu da ke ƙofar ɗakinsa, sannan ya je ya buga ƙarfen shiga aji, don shi ne gardin lakwal, wato mai gadin makarantar boko, na Garin Danda, can bayan Maijirgi, shekara goma sha tara ke nan. Juma'ar nan mai zuwa tsakuwa ta dubu za ta faɗa cikin tulun. Ta dubu fa, ba fashin ko kwana ɗaya, har da azumi.

Abin ya faro ne daga tseren samariya da aka yi a Tasawa. Na Allah, da shekararsa arba'in da ɗoriya, ya shiga cikin samari, ya zo na ƙarshe, har an fara naɗe tabarmi kafin ya iso. Da dariya ta ishe shi, sai ya ce a gaban jama'a zai yi gudu kowace safiya har kwana dubu. Dariyar kuwa sai ta ƙaru. Maza na tambayarsa ko kura ce ta biyo shi, yara kuma suka mai da abin waƙa. Uwa, tsohuwar unguwarmu mai kaifin baki, ta ce wanda hatsinsa ba ya kai shi damina bai kamata ya riƙa ƙone tuwon cikinsa a kan hanya ba. Mu ma mata, gaskiya, mun yi tamu.

Sai fari ya zo. Rijiyar gari ta ƙafe, jakuna wasu suka mutu, wasu aka sayar. Saura rijiya biyu, ɗaya kudu ɗaya arewa, kowacce tafiyar awa ɗaya da rabi. Kuma ba su da tabbas. In garken makiyaya ya bi ta kan ɗaya, sai ya kwashe ta tas, ta yi kwana biyu kafin ta tsattsafo. Mace ta ɗauki tulu da goyo, ta sha rana, ta tarar da busasshen rami, ta dawo yara na kallon hannunta.

Wata safiya Uwa ta tare shi da zolaya, ta ce tunda gudun banza yake yi, ya leƙa mana rijiya mana. Ya leƙa. Ya dawo ya ce akwai ruwa a kudu, ta ce bakin namiji ba ya cika tulu, ya kawo shaida. Washegari sai ga shi da gwangwani da igiya. Yana zura gwangwanin har ƙasan rijiya, ya ɗebo yashin gindinta, ya dunƙule a cikin hula. Yashin kudu ja ne, na arewa fari. Mu kuma mu matse a hannu: in ya ɗiga, a tafi da tulu biyu, in danshi kawai ya yi, a tafi da ɗaya, in ya wargaje, kowa ta zauna gida ta adana ƙarfinta. Tun daga ranar ba wadda ta sake yin tafiyar banza.

Kai ne, Na Allah, ka mai da abin dariya abin jira. Kai ne ake hango ƙurarka daga gindin kuka, mata su miƙe suna gyara gammo.

Ranar da ba za mu manta ba ita ce ranar Zara'u. 'Yarta Asma'u, mai wata tara, ta kwana biyu tana zawo, idanu sun faɗa. An ce a dafa ruwa a sa gishiri da sukari a riƙa ba ta, amma ruwan da ya rage a gidan bai cika rabin ƙwarya ba. Zara'u ta san ƙafarta tafiya ɗaya kawai za ta iya. In ta kuskure rijiya, shi ke nan. Ta gaya wa Na Allah haka da zai fita, ya ce ta ɗaura gammo ta jira shi.

Rana ta ɗaga, ba shi ba alamarsa. Ashe sojoji masu sintirin 'yan fasa-ƙwauri ne suka hangi mutum a guje, rungume da wani abu a ƙirji, suka sha gabansa da mota. Sarjan ɗinsu ya ce ya buɗe. Ya buɗe, sai ga dunƙulen yashi biyu. Sarjan ya sa yatsa zai tona, ko an ɓoye wani abu a ciki. Na Allah, wanda ko ɗan aji ɗaya bai taɓa ɗaga wa murya ba, ya riƙe hannun soja.

"Ranka shi daɗe, ka ɗaure ni in ka so, amma yashin ga bushewa yake. Akwai jaririya da ke jiran shi."

Ya yi masa bayani a tsaye yana haki. Ashe sarjan shi ma ɗan ƙauye ne, ya san nauyin tulu a kan uwa. Ya ce ya hau su kai shi. Na Allah ya miƙa masa hular, ya ce mota ta fi shi sauri, su yi gaba da ita, shi gudunsa na yau bai cika ba.

Mu dai muna gindin kuka sai ga motar soji ta nufo mu. Wasu har sun fara jan yara za su shige gida. Sai sarjan ya sauko, bindiga a kafaɗa, hular Na Allah a tafin hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, yana tambaya wace ce Zara'u. Bai ma san wane dunƙule ne na wace rijiya ba. Uwa ta karɓa ta matse jan, ya wargaje. Ta matse farin, ruwa ya gangaro mata har gwiwar hannu.

"Arewa," in ji ta. "Yaro, tunda ka zo da mota, buɗe mana baya."

Mata shida da tulunansu suka hau. A hanya suka wuce Na Allah yana tafe a guje, kai ba hula, yana ɗaga musu hannu. Kafin azahar an dafa wa Asma'u ruwanta. Yau ga ta nan tana bin kaji da gudu a tsakar gida.

Damina ta dawo, rijiyar gari ta cika, amma bai daina zuwa da gwangwaninsa ba, wai kada hannu ya manta. Mun gode, Na Allah, na ƙarshe a Tasawa, na farko a Garin Danda. Allah ya ƙara wa gwiwoyin nan lafiya. Mun sa an yanka maka sabon takalmi, kuma don Allah ka riƙa shan ruwa kafin ka fita, kai ma ɗan wata ne.

Iyaye mata, duk yaron da ya sake yi masa waƙar kura, a ja masa kunne. Ku kuma maza masu ƙafa lafiya, ƙauyuka nawa ne tsakanin nan da Korgom da ba su da mai leƙa musu rijiya? Ku fito ranar Juma'a bayan asuba ku bi bayansa, ko zuwa gindin kuka ne. Mu muna ƙofar ɗakinsa muna jira. Tsakuwa ta dubu tana hannun Zara'u, ta wanke ta tas, kuma Asma'u ce za ta jefa.