Datti da Baƙin Gonar Tumatir

Shekara ashirin Datti ya yi yana dillancin tumatir a kasuwar Kwanar Gafan. Mutum ne siriri mai daɗin baki, wanda zai yabi kwandon da ya kwana biyu a rana har mai saye ya ji kunyar tayawa. Da ƙarfi ya fara raguwa, sai ya gyara gidan da ya gada a bakin titin Kura, ya fitar da ɗaki takwas, ya kafa allo: Masaukin Rani.

Wata uku babu baƙo sai ƙadangaru. Direbobi a motarsu suke kwana, masu zuwa Kadawa binciken noma kuwa da la'asar suke komawa Kano.

Sai Datti ya shiga bin maƙwabta. Ya sami Roda, mai sayar da abinci a tasha, ya ce, "Maman Emmanuella, in na samo baƙi, girkinsu naki ne." Ya shirya da Nafisat mai turara shinkafa, ya shirya da masu rini su riƙa nuna karofinsu. Saura amininsa Badamasi, wanda ya tarar a gona yana ta faɗa: tumatir ya nuna, 'yan ƙwadago sun yi wuya.

"Kwantar da hankalinka," in ji Datti. "Zan kawo maka ma'aikata masu turare."

Ran Asabar kuwa sai ga bas cike da ma'aikatan wani banki daga Abuja, waɗanda Datti ya yi wa tallan hutun karkara ta waya. Bayan sun ci sun ƙoshi, ya kai su bakin kwalbati, kusa da gonar Badamasi, ya raba musu malafa da kwanduna. Ya ce tsinkar tumatir tsohon maganin ciwon baya ne, kuma ba kowane baƙo ake bari ya taɓa ba. Nan suka duƙa, suna tsinka suna ɗaukar hoto. Badamasi ya koma bayan bukka don kada a ga dariyarsa.

Shugabar tafiyar, Hajiya Ummukulsum, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta cika kwando uku kafin sauran su rufe gindin na farko. Sannan ta yafito Datti.

"Malam Datti, a Bunkure aka yanke cibiyata. Wannan maganin naka, a gidanmu ƙwadago ake ce masa."

Datti ya ce, "Ranki ya daɗe, ai suna ne ya bambanta."

"To, ba zan tona maka asiri ba. Amma na ga kai ma kana dafe baya. Ga kwando."

Haka Datti ya duƙa da sabuwar shaddarsa har azahar, baƙi na yi masa tafi, suna cewa ga gwani zai nuna musu yadda ake yi. Kwana uku ya yi yana salla a zaune.

A mota Hajiya ta faɗa wa mutanenta gaskiya, suka yi ta dariya har Zariya. Bayan sati biyu ta turo wasu, da sharaɗin a gaya musu aiki ne, kuma kowa ya koma gida da abin da ya tsinka.

Yanzu duk rani ɗakunan Datti cike suke. Nafisat ta sayi injin casa, masu rini sun koyi tsayawa a hoto. Badamasi kaɗai ke ƙorafi, wai mutanen birni rabi suke tsinka, rabi su tattake. Wanda aka tattake ɗin Roda ke kwashewa ta yi miya, baƙin su sha suna santi.