Gwajin Haske

Shagon Mai Hoto yana tsakanin na mai gyaran agogo da na mai sayar da takalma. Shekara talatin da huɗu ke nan yana buɗe shi kowace safiya. A ciki akwai kujerar katako mai dogon baya, da labule fari da shuɗi, da fitilu biyu a kan sanda, da wani madubi da mutane ke gyara wuyan riga a gabansa kafin su zauna. Yawancin aikinsa hoton fasfo ne da na 'yan makaranta.

Karatunsa bai yi nisa ba. Ya koyi sana'ar a hannun wani tsoho mai wanke hoto a ɗaki mai duhu, kuma abu ɗaya ya riƙe daga wurinsa: kada ka zaunar da mai biya sai ka fara gwada haskenka a fuskar mutum, ba a jikin bango ba.

To da sassafe babu fuskar da ke kusa sai ta matarsa. Gidansu yana bayan shagon, ita ke shigowa ta yi shara. Sai ya ce, "Ɗan zauna." Ta zauna da tsintsiyarta a hannu, ya danna, ya duba, ya matsa fitila, ya sake dannawa. In ya gamsu ya ce, "Shi ke nan," ta tashi ta ci gaba da shararta. Shi kuwa mutum ne da ba ya goge abin da ya ɗauka, komai muninsa.

Bara tsohuwar kyamararsa ta gaji, masu makarantu suka fara ƙorafin hotuna na fitowa dishi-dishi. Ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da abin da ya ajiye, ya sayi sabuwa da gilashinta, mai tsadar da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mai gyaran agogo ne ya gaya masa cewa kayan sana'a ana cire kuɗinsu kafin a yanka wa mutum haraji. Ya cike fom, ya liƙa rasit, ya kai ofis. In an amince, harajin bana zai zo daidai ƙarfinsa. In an ƙi, babu abin da zai sayar ya biya sai ita kyamarar.

Wata Talata da hantsi ma'aikaciyar haraji ta zo, budurwa ce mai tabarau, da fayil a hammata. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, sharaɗin ɗaya ne. Kayan ya kasance na aiki, ba na gida ba. Zan iya ganin hotunan da aka ɗauka da ita?"

Ya kunna kwamfuta ya ba ta kujera. Ta yi ta wucewa: yara da rigar makaranta, wani direba, wasu ma'aikatan asibiti. Can ta rage sauri.

"Baba, wannan matar wace ce? Ko'ina na juya ita nake gani."

"Mai ɗakina ce."

"Hotonta ya fi dubu."

"Gwajin haske ne," in ji shi.

Ta cire tabarau ta goge. "Baba, kowa da abin da yake faɗa mini. Jiya wani ya rantse motar da yake kai 'ya'yansa makaranta motar shago ce. Idan kashi ɗaya cikin huɗu hoton iyali ne, ba zan iya rubuta cewa kayan aiki ne zalla ba."

Mai Hoto ba mai yawan magana ba ne. Ya kalli kyamarar a kan sandarta. Ana cikin haka matarsa ta leƙo ta ƙofar baya da kofi a hannu don ta ji ko baƙuwa za ta sha ruwa. Da ta ji zancen, ta ajiye kofin ta ce a nuna mata, don ita ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

Ta sunkuya a gaban kwamfutar. "Wannan ni ce? Da wannan zanen? Malam, ka ji tsoron Allah!" Ta juya ga budurwar. "'Yata, ke mace ce, ki duba da kyau. In hotona ne, da tsintsiya zan zauna? Ga nan bakina a buɗe ina hamma. Ga nan ido ɗaya a rufe kamar kazar da ta sha ruwan sama. Shekara talatin da huɗu mutumin nan yana ce wa 'ya'yan mutane su yi murmushi, ni bai taɓa ce mini ba. Shiga ɗakinmu ki gani, kalanda ce kawai a bango."

"Mama, yi haƙuri," in ji budurwar, tana danne dariya. Ta mai da tabarau, ta shiga duba lokacin da ke jikin kowane hoto. Duk tsakanin bakwai da rabi ne da takwas saura kwata. Huɗu huɗu suke zuwa, na farko da duhu, na ƙarshe tas, daga nan sai mai biya na farko a kan kujerar. Ta ɗauki biro, har ta fara rubutu, sai ta tsaya.

"Wannan kuma fa, Baba? Ƙarfe huɗu na yamma."

Matar ce dai a kan kujerar, barci ya ɗauke ta tana jiran ya rufe shago, kanta a jingine, hannuwanta a cinya. Hasken ya kwanta mata a gefen fuska daidai wa daida.

Mai Hoto ya daɗe yana kallo. "Wannan ba gwaji ba ne," ya ce.

Budurwar ta dubi fom ɗinta sama da ƙasa. "Guda ɗaya cikin dubu biyar. Babu gurbinsa a nan." Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta sha ruwanta ta yi sallama.

Da ta fita, matar ta ce, "A wanke mini wancan."

"Babba ko ƙarami?"

"Babba. Nawa ne?"

Ya faɗa mata yadda yake faɗa wa kowa. Ta shiga gida ta kawo kuɗin, ta ce ya rubuta mata rasit, kada gobe a ce na gida ne. Ya rubuta.

Washegari ta shigo da tsintsiya kamar kullum, sai dai da sabon ɗankwali mai zare-zaren zinariya. Ya ce, "Ɗan zauna." Ta zauna ta gyara kafaɗa. Ya danna, ya duba, ya matsa fitila.

"Wannan ɗankwalin yana ƙyalli," ya ce. "Yana ɓata mini haske."

"Sai ka matsa fitilarka," in ji ta.

Ya matsa.